Garambawul

Idan shinkafa ta ɗauki ciki ta fara nono a fadamarmu, yaran gidanmu sun yi sallama da barcin safe ke nan. Ana idar da sallar asuba za a miƙa wa kowa majajjawarsa da ƙullin ɗumame, mu kama hanyar gona raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. A tsakiyar gonar akwai doguwar rumfa da Baba ya kafa. Daga ita igiyoyi suka miƙe zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Ka ja igiya, ka yi ihu, ka wurga curin laka, tun hudowar rana har faɗuwarta. Abokin gabar kuwa bai cika tafin hannu ba. Jan-baki ne.

Wanda bai taɓa ganin garken jan-baki ya taso daga gabas ba zai ce hayaƙi ne ko hadari. Masana noma sun ce tsuntsu ɗaya yana iya cin gram 10 na hatsi a yini, wato garke mai miliyan biyu ya lashe tan 20 kafin magariba. Mu ba mu san wannan lissafin ba. Abin da muka sani shi ne fuskar Baba idan ya murza zangarniya ya ga ƙaiƙayi zalla a tafinsa.

Manya suna cewa a da abin bai kai haka ba. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya ya sauya hali. Ambaliyar da ta saba zuwa da ƙarfi ta share hanyarta ta ragu, ruwa kuma ya daina yankewa da rani. Kachala ta samu yadda take so. Ta cinye bakin kogi, ta toshe hanyoyin ruwa daga wajen Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, ta zama dajin da mutum ba ya iya kutsawa. A cikinta jan-baki yake kwana, a cikinta yake ƙyanƙyasa, inda majajjawa ba ta kaiwa.

Shi ya sa ranar da aka ce jirgin feshi ya zo, gari ya ɗauka. Da la'asar sakaliya muka fara jin gurnaninsa, can sai ga shi ƙasa-ƙasa, rawaya, ya bi layin kogi kamar mai neman abin da ya yar. Yakan jira sai tsuntsu ya koma makwanci dab da magariba, sannan ya sunkuyo kan kachala ya saki farin hazo a bayansa. Muka saki igiyoyi muna ɗaga masa hannu. A wajena, a lokacin, babu abin da ya kai shi sabunta a duniya.

Kawu ne ya gyara mini wannan tunanin, ba da niyya ba.

Kawuna bakanike ne. Rumfarsa tana kusa da kasuwa, ƙasan wajen ya yi baƙi ƙirin da tsohon baƙin mai, kuma a shekarun da shirin Fadama ya cika ƙauyuka da injinan ban ruwa, kusan duk injin da ya yi tari a yankinmu wajensa ake kawowa. Kwana biyu da zuwan jirgin aka aiko mota ta ɗauke shi, wai ɗan injin da suke zuƙo mai da shi daga duro ya ƙi tashi. Ina zaune ina wanke masa fulogi a cikin fetur, sai ya ce, "Kai, ɗauko jakar sifanun nan, mu je."

Jirgin yana tsaye a wani fili da aka share a bayan gari, an ɗaure fikafikansa da igiya a jikin turaku kamar ingarma. Da na matsa kusa sai gabana ya faɗi. Fentin ya koɗe. A ƙasan fiffike akwai faci, wani falle na gorar ruwa da aka liƙa da ƙananan ƙusoshi a jere, tsaf kamar ɗinkin hula. Inda matuƙi yake dafawa ya hau, hannu ya cinye fentin har ƙarfe ya yi sheƙi. Kujera ɗaya ce tak, fatarta ta tsattsage. Yana warin mai da magani, kusan irin warin rumfar Kawu.

Minti ashirin Kawu ya yi ya tada injinsu, datti ne a kafireta. Amma bai nemi tafiya ba. Ya tsaya yana kewaya jirgin, hannuwansa a baya, kamar mai taya sa a kara. Injiniyan jirgin, wani dattijo mai furfura a gemu da ya ce a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya yi karatu, ya lura da shi.

"Malam, na ga idonka na kan facin nan."

"Ranka ya daɗe, ai aikin ya yi kyau. Sai dai ina mamaki. Ashe jirgin sama ma yana tsufa a ci gaba da hawansa?"

Dattijon ya yi murmushi ya nuna ni. "Ya girmi wannan yaron nesa. Amma mu ba shekara muke ƙirga wa jirgi ba, awa muke ƙirga masa."

Ya buɗe wata jakar fata ya fito da littattafai uku masu kauri. Ɗaya na gangar jikin jirgin ne, ɗaya na inji, ɗaya na farfela. Duk tashin da jirgin ya taɓa yi yana ciki, duk ƙusar da aka taɓa sauyawa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya yi aikin. Shafukan farko da rubutun wasu Turawa ne da ba su taɓa jin sunan Haɗejiya ba. Ya ce kowane inji kamfaninsa ya yanka masa awoyinsa, a ƙananan jirage yawanci awa 2,000 ne ko ƙasa da haka. In ya cika, ko lafiyarsa ƙalau, sai an sauke shi an warware shi ɗai-ɗai, a auna kowane ƙarfe, a zubar da wanda ya ci, a mayar da shi kamar ranar da aka ƙera shi.

"Garambawul ke nan," in ji Kawu.

"Garambawul, Malam. Wannan da ke ciki shi ne injinsa na uku. Farfelar ba da ita aka haife shi ba. Rediyonsa bara aka sa. Bututan feshin ma sababbi ne, suna fasa maganin ya fi na da laushi, ba a ɓarnar rabinsa a iska."

"To me ya rage na asali?"

Dattijon ya buga ƙasan fiffiken da tafin hannu, daidai inda ya haɗu da gangar jiki. "Ƙashin bayansa. Shi muke leƙawa da fitila da madubi duk shekara. Ranar da muka ga tsatsa ko tsaga a nan, to an gama. Amma muddin yana da lafiya, a kan me mai shi zai zubar da shi?"

Ban taɓa ganin Kawu ya yi shiru irin na ranar nan a hanyar komawa gida ba. Sai da muka kusa shiga gari ya ce, kamar da kansa yake magana, "Littafi. Abin da ba mu da shi ke nan." Washegari ya sayo littafin rubutu mai shafi 80 irin namu na makaranta. Ni ne magatakarda. Injin wane, daga ƙauye kaza, an sa ringi da fiston ranar kaza. In manomi ya dawo yana rantsuwa wata biyu ke nan da gyara, sai Kawu ya ce, "Buɗe masa." Sau da yawa sai a ga damina biyu ce.

Da na girma na ƙara fahimtar abin da dattijon bai faɗa ba. Ko mai jirgin yana son sabo, ba lalle ya samu ba. Kamfanin Cessna da ke Wichita a Amurka ya daina ƙera jirginsa na feshi tun 1983, a 1986 kuma ya dakatar da ƙananan jiragensa masu injin fiston baki ɗaya, har da samfurin 172 da aka fara sayarwa a 1956 wanda babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. Sai bayan shekara goma aka koma ƙera shi. A nan gida kuma 1986 ita ce shekarar da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu. Naira da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, zuwa 1993 sai ka ba da wajen 22 kafin a ba ka dala ɗaya a farashin gwamnati. Mai tsohon jirgi da mai tsohuwar fijo duk layi ɗaya suka shiga.

Amma ba talauci kaɗai ba ne, don waɗanda ke da halin saye ma haka suke yi. A garin Oshkosh na Amurka akwai kamfanin Basler da sana'arsa ke nan. Yakan ɗauko DC-3, jirgin da ya fara tashi a 1935, ya tuɓe shi tsaf, ya ƙara wa gangar jikinsa tsawon kusan mita ɗaya, ya cire tsofaffin injinan fiston ya sa na zamani masu shan kananzirin jirgi, ya sauya wayoyi da na'urorin gaban matuƙi. Sojojin saman Mali da na Muritaniya sun yi aiki da irinsa a sararin Sahel. Masu ƙananan jirage kuma suna ciccire tsofaffin agogan nan masu allura su sa allo ɗaya mai nuna hanya ta tauraron ɗan'adam. Jirgin da ka san tarihinsa shafi-shafi, ka san inda yake karkata da inda yake gardama, ya fi wanda za ka sayo da tarihin da wani ya rubuta ko ya ɓoye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ma a bakin kogi mun san wannan tun kafin jirgin rawaya ya zo, suna ne kawai ba mu sa masa ba. Kwale-kwalen kakana na wajen uwa ya girmi mahaifiyata. Kowace shekara in ruwa ya ja, a jawo shi tudu a kife shi, kaka ya bi shi da tsinin wuƙa yana sokawa. Inda wuƙa ta shige, katakon ya tafi. A cusa tsumma a tsakanin katakai, a narka kwalta a gwangwani a bi layin, a buɗe galan a daddale shi a rufe wajen da ƙananan ƙusoshi. Daga baya 'ya'yansa suka ƙarfafa bayansa da katako mai kauri suka ɗaura masa injin Yamaha, ya koma kai tarwaɗa da karfasa kasuwar kifi cikin rabin lokacin da gora da filafili suke ci. Kaka bai taɓa kiransa sabo ba, bai kuma taɓa kiransa tsoho ba. Jirgina kawai yake cewa.

Ba na son in yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Maganin da jirgin yake zubawa guba ne. Washegarin feshi mukan tsinci balbela da wasu tsuntsayen da ba su ci zangarniyar kowa ba a mace, a yankin da tsuntsaye ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a Dagona da Baturiya. Akwai waɗanda suka riƙa kwasar jan-bakin da ya faɗo suna soyawa, abin da har yau yake tada mini hankali. Haka nan ba kowane tsohon abu ne ya cancanci gyara ba. Duk damina sai mun ji kwale-kwale ya kife da mata da yara a Jigawa, wani saboda lodi, wani saboda katakon da ya kamata a ce an yi makamashi da shi tun tuni. Faci a kan ruɓa kisan kai ne. Kawu kansa, in aka kawo masa injin da gidansa ya tsage, yakan ture shi da ƙafa ya ce, "Alhaji, kada in ci kuɗinka a banza. Wannan ya gama aikinsa." Wanda ya iya gyara na gaskiya shi ne ya san inda ake tsayawa, kuma saninsa daga dubawa yake zuwa, da wuƙa ko da fitila da madubi.

Bara da na je gida bayan sallah na biya ta rumfar. Kawu ya rasu shekarun baya, babban yaronsa ne a wajen, shi ma gemunsa ya fara fari. A bayan rumfar an tara injinan ban ruwa sun kai ƙugu, masu launi iri-iri, wasu ko fentinsu bai dushe ba. Ya ce na yanzu damina biyu suke yi, kuma kuɗin kayan gyaransu ya kusa kuɗin sabo, don haka manomi yakan bar shi nan ya wuce kasuwa. 'Yan gwangwan ke zuwa su auna a kilo.

Muna cikin magana wani tsoho ya iso a kan babur, ya kwance wani jan Honda daga baya, tankinsa duk lotsa, igiyar tayarwar ma ta tufkar gida ce. Yaron Kawu ya tashi ya karɓa da hannu biyu.

"Baba, me ya same shi?"

"Hayaƙi yake yi, kuma ba ya jan ruwa kamar da. Marigayi ne ya yi masa aiki na ƙarshe."

Ya shiga ciki ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da littattafan makaranta ɗaure da roba, bangonsu ya yi baƙi da mai. Ya lashi yatsa yana buɗawa har ya tsaya a wani shafi, sannan ya miƙo mini.

"Yaya, karanta mana. Rubutunka ne."