Kyanwa da Ciyawa: Wace Za Ta Ci, Wace Za a Hana Ta?

Mai yiwuwa malamai da 'yan'uwa ɗalibai su yi mamakin ganin maganar kyanwa a mujallar da aka saba cika ta da nahawu da adabi da al'ada. Uzurina shi ne, dabbar da Bahaushe ya yi wa sunaye har huɗu, watau kyanwa da mage da mussa da kuliya, ya kuma yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, ba baƙuwa ba ce a rayuwarsa. Tun da kuwa 'yar gida ce, to abin da ke shiga cikinta ya isa a tattauna shi.

Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami daga ƙasashen Turawa ta samo asali, inda ake kulle kyanwa a ɗaki shekara da shekaru ba ta taka ƙasa ba. Masu kiwonta a can sukan shuka mata 'yar ciyawa a kasko don ta riƙa tsinka. Daga cikin abin da suke shukawa akwai wani tsiro da ake kira ciya, wanda masana tsirrai suka laƙaba wa suna Salvia hispanica. Ɗalibin harshe zai lura da yadda sunan ya yi kusa da kalmarmu ta ciyawa, amma dai gamon katari ne kawai. Asalin tsiron daga Meziko da Guwatamala yake, kuma 'ya'yansa suna cikin manyan abincin mutanen Aztek tun kafin Sifaniyawa su ci ƙasarsu a 1521. Shi ba dangin gero da dawa ba ne, ɗan'uwan na'ana'a da ɗoɗɗoya ne. A shekarun 1980 ya yi tashe a Amurka ta hanyar wani abin wasa mai suna Chia Pet, 'yar dabbar yumɓu da ake shafa wa jiƙaƙƙen iri har ya tsiro kamar gashi. Yanzu kuma ga 'ya'yansa nan a manyan kantunan biranenmu, masu neman rage ƙiba suna saya. Ke nan tambayar ta iso mu.

Kafin a amsa ta, ya kamata mu san dalilin da ke sa kyanwa cin ciyawa. Halittarta ta mai cin nama ce zalla. Hanjinta gajere ne, haƙoranta na yagar tsoka ne, kuma jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna tawurin wanda a nama ake samunsa. In ta rasa shi idonta yakan lalace, zuciyarta ta raunana. Duk da haka, wanda ya zauna a gidan da ake da kyanwa ya sha ganinta da damina tana tsinkar ɗanyar ciyawa a gindin katanga. A gidan da na tashi, tsofaffi kan ce magani take sha, ciki ne ya dame ta. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta garin Debis sun bi diddigin wannan ɗabi'a, suka buga sakamakonsu a 2021. Abin da suka gano shi ne yawancin kyanwoyin ba su nuna alamar ciwo kafin su ci ganyen, kuma waɗanda kan yi amai bayan sun ci ba su kai rabi ba. Suka karkata ga cewa gado ne daga kakanninta na daji, waɗanda ciyawa ke taimaka musu wajen kore tsutsar ciki. Ashe maganar tsofaffinmu ba ta yi nisa da hanya ba, sai dai rigakafi ne ya fi yawa a ciki bisa ga magani.

To, ganyen ciya ba a san shi da guba ga kyanwa ba, in ta tsinki kaɗan babu abin tayar da hankali. Inda ake son lura shi ne 'ya'yan. Busasshen irin yakan sha ruwa ninkin nauyinsa wajen sau 10, ya kumbura ya yi yauƙi. Dabbar da ba ta wuce kilo 4 ba, in ta haɗiyi mai yawa a bushe, yana iya tsaya mata a maƙogwaro ko ya cushe mata ciki. Wanda kuwa yake son ya shuka wa kyanwarsa abin tsinka, ba sai ya sayi irin da ya ƙetaro teku ba. Alkama da sha'ir suna cikin abin da Turawan kansu suka fi shukawa, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 sun tsiro. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗebo daga alkamar ci, kada a taɓa irin shuka da aka gauraya da maganin ƙwari. Dawa kuwa a bar ta. Makiyayanmu sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa yana kashe dabba, kuma ilimin zamani ya tabbatar da cewa ƙaramin tsironta yana fitar da guba mai hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa.

Babban haɗarin yana cikin furannin da muke shigowa da su gida don ado. Na gaba a cikinsu shi ne furen lili, wanda ake jerawa a teburin biki da falon masu hali. Ganyensa da furensa da ƙurar da ke tsakiyarsa, har ruwan da aka tsoma shi a ciki, duk suna lalata ƙodar kyanwa. In ta goge shi da jikinta ta lashe gashinta, ya isa. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙodar ta tsaya, kuma in aka wuce sa'a 18 ba a soma magani ba, da wuya ta tashi. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, wadda aka kafa a 1866, tana da dogon jerin irin waɗannan tsirrai, kuma wanda ya duba zai tarar da sanannunmu a ciki. Ga ƙariya mai jan fure, wadda maharban Afirka suka yi dafin kibiya da ruwanta. Gubarta zuciya take kamawa. Ga zurma, wadda 'ya'yanta ke ɗauke da ɗaya daga cikin mafi munin gubar tsirrai. A bakin hanyoyinmu kuma ga tumfafiya, ga zaƙami, ga cindazugu da ake shinge da shi, dukkansu ba abin kai wa baki ba ne.

Madafa ma ba ta tsira ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ne ko dafaffu ko garinsu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa a hankali, har dadashinta ya yi fari ta kasa tashi. Mu kuwa mun saba kankare mata sauran miya da romon da ya ji albasa, muna ganin alheri muke yi. Bahaushe ya gama magana da ya ce abincin wani gubar wani. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wasu sinadarai da hantar mutum ke kawarwa cikin sauƙi. Wannan ne ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak, wadda muke haɗiya don ciwon kai, take iya kashe ta.

Wani zai ce, ai dabba ta san abin da zai cutar da ita, kakanninmu ba su taɓa shuka wa kyanwa komai ba, ga ta nan ba ta ƙare ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kyanwar ƙauye tana yawo daga rumbu zuwa garka, ciyayi iri-iri ne a gabanta, ɗacin tumfafiya kuma ya isa ya kore ta. Amma zaman ya sake. Yau samari da 'yan mata a birane suna sayen kyanwa mai dogon gashi da kuɗi masu yawa, su ajiye ta a gidan sama mai daɓen siminti. Sha'awar tsinkar ɗanyen ganye tana nan a jininta, ɗanyen ganyen da ke ɗakin kuwa shi ne furen da aka kawo daga wata nahiya, wanda ita da kakanninta ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Wanda ya rufe mata ƙofa, shi ya karɓi zaɓin daga hannunta, don haka alhakin ya koma wuyansa.

Addini ya riga likitoci faɗar haka. Buhari da Muslim duk sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu a gida. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, watau Abu Huraira. A fahimtata, darasin bai tsaya ga yunwa kaɗai ba. Duk wanda ya tsare rai, abin da ya ajiye kusa da ran nan ma abin tambaya ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mai karatu. Kafin ka shigo da fure gida, ka san sunansa. In kyanwarka ta soma dalalar da miyau, ko yawan amai, ko layi kamar mai maye, ko ta daina fitsari, ka tsinki ganyen da kake zargi ka tafi da shi tare da ita wurin likitan dabbobi ba da jinkiri ba. Kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba, domin ɗurar kan sarƙe ta, abin ya faɗa huhu, gishirin kuwa shi kansa guba ne in ya yi yawa. Ita ba ta da bakin da za ta faɗi abin da ta ci, mu ne aka ba hankali da ilimin bambancewa. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya damƙa a hannunmu, amin.