Male: Ƙaramar Ƙofa Ga Tsibirai Dubu

Idan muka ɗauko taswira muka dubi kudu maso yammacin Indiya, za mu ga waɗansu ɗige-ɗige cikin teku kamar an watsa gero. Su ne tsibiran Maldif, wajen 1,190, amma masu garuruwa a kansu ba su kai 200 ba. Babban birninsu shi ne Male. Tsibirin da birnin yake kai ƙarami ne ƙwarai, mutum na iya kewaye shi da ƙafa cikin kamar awa ɗaya da rabi. Duk da haka a ƙidayar 2022 an sami mutum fiye da 200,000 a birnin da unguwanninsa na tsibiran kusa.

Male ba ta da filin saukar jirgin sama, gama gidaje sun cinye wurin. Jirage suna sauka a wani tsibiri na kusa mai suna Hulhule. A dā sai an ƙetare da jirgin ruwa, amma a 2018 aka buɗe gada da ta haɗa su. An fara gina masaukan baƙi a 1972, a 2024 kuwa baƙi sun haura miliyan 2. Yawancinsu ba sa taka birnin. Daga filin jirgi sai su shiga jirgin ruwa mai gudu, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, su wuce tsibirin hutawarsu.

Ga 'yan ƙasa kuwa, Male ita ce ƙofar shiga. Shinkafa da fulawa da magani ta tasharta suke shigowa. Masunta suna kawo kifin tuna kasuwarta. Iyaye suna barin tsibiransu su zo neman makaranta da asibiti, har iyali guda su matsu a ɗaki ɗaya saboda tsadar haya.

To, ga abin damuwar. Yawancin ƙasar bai fi mita ɗaya ko biyu bisa teku ba, tekun kuwa yana ƙaruwa. A 1987 raƙuman ruwa suka mamaye sashen birnin, sai aka kewaye shi da katanga da taimakon Japan. Katangar nan ce ta rage ɓarna sa'ad da babbar igiyar ruwa ta 2004 ta zo. A 2014 gobara ta kama injin da ke tace ruwan teku, mutanen birnin suka yi kwanaki ba ruwan famfo, har Indiya ta aiko da ruwa ta jirgin sama.

Saboda haka aka yaso yashi daga teku aka gina sabon tsibiri, Hulhumale, wanda ya ɗara Male tudu, domin a rage cunkoso. Gidan da ke da ƙofa ɗaya, dole masu gida su kula da ita. In Male ta sami matsala, har tsibiri mafi nisa zai ji a tukunyarsa.