Waƙoƙin Gwaggo biyu da gaggawata ta ci

Ranar Lahadin da ta wuce wani abokin aikina, mushen aji shida, ya zo gidana da jaka cike da fayafayen CD na mahaifinsa. Akwai Shata, akwai Ɗanƙwairo, akwai Ɗan Gurmu na Tawa. So yake ya kwafe su tun ba su lalace ba. Ya ce mini, "Malam, kwamfuta ta jero mini 8x, 16x, 24x har 48x, wanne zan taɓa?" Na ce 16x. Da ya nemi dalili, sai na ba shi labarin da ban cika son tunawa ba.

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi suna a ƙauyenmu na wajen Tasawa da waƙoƙin niƙa da na daka. Yayana ya taɓa ɗaukar muryarta a kaset, daga baya ya kai Maraɗi aka juye a CD, waƙa goma sha huɗu, wajen minti 75. Kaset ɗin ya ɓace garin ƙaura. Gwaggo kuma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Faifan nan guda shi ya rage mana.

A babban hutun lakwal na 2013 na karɓo shi don in yi wa ƴan'uwa kwafi shida. Lokacin ana yawan ɗauke kuran, ina tsoron a yanke ina tsakiyar aiki, sai na zaɓi 48x. Fayafayen da na zuba a ciki kuwa masu araha ne, marasa suna. Cikin minti uku kowanne ya fito. Na sa ɗaya a rediyo, waƙar farko ta fita tas, na ce shi ke nan. Ban ajiye komai a kwamfuta ba. Na mayar wa yayana na asali, ya bar shi gaban mota, ranar bazara ta lanƙwasa shi. Sai wata Sallah da muka taru muka kunna nawa. Da aka zo waƙa ta goma sha uku murya ta soma tsalle, ta goma sha huɗu ta ƙi fita sam. Muka gwada sauran biyar, duk lahanin a wuri ɗaya yake.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa na ƙarshe kaɗai suka lalace, sai da na karanta yadda abin ke aiki. Faifan da ake saya a shago da waƙa a ciki, bugawa ake yi a masana'anta. Wanda muke zubawa da kanmu, CD-R, wani rini ne a shimfiɗe cikinsa, hasken lesa yana ƙona ƴan ɗigo a kai, a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa gefe, tsawonsa ya fi kilomita biyar. Waƙar farko tana kusa da ramin tsakiya, ta ƙarshe tana bakin gefe.

Ita 1x tana nufin saurin da ake sauraron waƙa, wato faifai mai minti 80 zai ci minti 80. Amma idan ka zaɓi 48x, ba tun farko na'urar ke gudun ba. Tana juya faifan kusan sau dubu goma a minti, ta fara rubutu da kamar rabin wannan sauri, tana ƙarawa tana ƙarawa, sai a bakin gefe take kai 48x. A nan lesa ke da ƙarancin lokaci a kan kowane ɗigo, a nan kuma faifai mai araha ya fi rawa. Ni kuwa farkon na saurara, inda aikin ya fi sauƙi.

Akwai abu na biyu. Faifan waƙa ba shi da kariya irin ta faifan takardu. Kowane yanki na CD yana ɗaukar bayit 2352. A faifan takardu 2048 ake cikawa, mafi yawan ragowar na gyaran kuskure ne. A faifan waƙa duk 2352 ɗin sauti ne. Idan kuskure ya fi ƙarfin gyaran da ya rage, rediyo kan yi hasashen abin da ya ɓace, in ya gaza sai ka ji tsalle. Tsofaffin rediyoyi da na mota, waɗanda ƙurar hunturu ta rufe musu ido, su ne ke fara gazawa.

Bayan wannan asara na koma ɗaya gefen, na riƙa neman 1x ko 2x, ina ganin mafi jinkiri shi ne mafi kyau. Nan ma kuskure ne. Shawarar tana da gaskiya a shekarun 1990, lokacin da aka yi rinin don na'urori masu tafiyar hawainiya. Fayafayen yanzu da aka rubuta wa 52x an haɗa rininsu don gudu, kuma na'urori da yawa ba su ma yarda su sauka ƙasa da 8x. Tsakanin 8x da 16x ne na fi samun faifan da kowane rediyo ke karantawa. A 16x aikin bai wuce minti shida. Da na lissafa, abin da gaggawa ta rage mini a kwafi shidan nan bai kai minti ashirin ba. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Ga yadda muka yi da fayafayen abokina. Mun fara goge kowanne da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Mun juye waƙoƙin a kwamfuta da manhajar Exact Audio Copy, wadda ke maimaita karanta wurin da take shakka, muka ajiye su a WAV, tunda MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin. Sannan muka zuba a faifan Verbatim a 16x, da batirin kwamfuta a cike saboda kuran. Kowane faifai ya fito, waƙar ƙarshe muka fara saurare, a tsohon rediyon da ya fi kowane tsada rai. Na hana shi rubutu da biro a kai, domin rinin da azurfar suna dab da gefen da ake rubutu, kuma ƙarzuwa a nan ta fi ta ƙasa illa. Na ce ya ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, nesa da taga, tunda rana da zafi suna cin rinin. Ya kuma zuba WAV ɗin a kile USB ya kai gidan ƙanwarsa a Damagaram, kada komai ya zauna wuri guda.

Game da Gwaggo, shekaru uku da suka wuce na sake gwada kwafi shidan a wata kwamfuta, ina karanta su a hankali. Daga biyu cikinsu na harhaɗa waƙa ta goma sha uku, da ɗan ƙas-ƙas a tsakiya. Ta goma sha huɗu ba ta dawo ba. Yayata ta tuna amshinta da baiti ɗaya, ta rera na ɗauka a salula, ta ce sauran sun tafi da mai su.

Don haka, ƴan'uwa, duk wanda ke da faifan da babu irinsa a kasuwa, na biki ne ko na wa'azi ko muryar wani tsoho, ya ciro shi cikin makon nan ya kunna waƙar ƙarshe ya ji ko tana nan.