Sanƙon Saurayi Da Dashen Gashi

Sanƙo gadon gidanmu ne. Kakana ya yi shi, mahaifina ya yi shi, ni ma ya soma mini tun ban cika shekara 25 ba. A zamaninmu maganinsa biyu ne kaɗai, watau aska da hula. Wanzami ya aske kan tas, ka kafa hularka, shi ke nan. Yanzu kuwa samari suna gani a waya yadda ake yi wa mutane dashen gashi a Istanbul ta ƙasar Turkiyya, mutum ya tafi da sanƙo ya komo da suma.

Ɗan ƙanena yana cikinsu. Shekararsa 23, yana taimakon mahaifinsa a kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis. Yana da bijimai biyu da ya turke domin aure. Da goshinsa ya soma ja da baya, sai ya ce mini, "Baffa, zan sayar da su, in ƙara da rance, in je a yi mini dashe. Wace yarinya za ta so tsoho?" Ban yi masa dariya ba, gama na san zafin abin. Na tafi Kano wurin likitan fata na yi tambaya, ga kuwa abin da na samo domin amfanin masu karatu.

Aikin nan ba sabo ba ne. Wani likitan Japan mai suna Okuda ya rubuta labarinsa a 1939. A 1959 kuma Likita Orentreich na Amurka ya nuna cewa gashin ƙeya, ko an kai shi wani wuri a kai, yakan riƙe halinsa na rashin zubewa. Akwai wani sinadari da jikin namiji yake yi, wanda yake ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da tsakiyar kai a wurin masu gado, amma ba ya cin na ƙeya. Saboda haka likita yakan ciro saiwoyi daga ƙeya, ya dasa su a gaba. Kowane manomi a ƙasar Gumel ya san wannan: ka cire gero inda ya yi yawa, ka cike gurbi. Ba a ƙara ko gashi ɗaya ba, wuri kawai aka sāke masa. Ƙeyar kuwa tana da iyaka, abin da aka cire ba ya sāke tsirowa.

A nan ne wahalar saurayi take. Sanƙon ɗan shekara 23 yana kan tafiya tukuna, ba wanda ya san inda zai tsaya. In an dasa masa a goshi bana, na dashen zai zauna, na asali da ke bayansa kuwa ya ci gaba da zuba. Bayan 'yan shekaru sai a ga tukku a gaba da fili a bayansa, abin da ya fi sanƙon farko muni. Sai a koma aiki na biyu da sabon kuɗi, ga ƙeya ta riga ta ragu. Domin haka likitoci masu hankali sukan ce a dakata har zubar ta lafa, galibi bayan shekara 25 ko fiye.

Kafin nan akwai magani iri biyu da aka sani. Minoxidil na shafawa ne, Amurka ta yarda da shi a 1988. Finasteride ƙwaya ce, an yarda da ita a 1997. Sukan rage zubar muddin ana amfani da su, in an daina sai ta komo. Ƙwayar takan rage wa waɗansu ƙarfin namiji, mace mai ciki kuma kada ta taɓa fasasshiyarta. Don haka ba abin saye a tebur a kasuwa ba ne, sai da izinin likita. Mu baƙar fata muna da ƙarin abin lura. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take, tana da saurin yankewa a hannun wanda bai saba da ita ba, waɗansunmu kuma jikinsu yakan yi tabo mai kumburi ko daga tsagar wanzami.

Na faɗa wa yaron nan duka. Na kuma gaya masa dashe ba zunubi ba ne, kamar yadda tabarau da haƙorin roba ba zunubi ba ne. Amma shiga aure da bashi domin aikin da lokacinsa bai yi ba, wannan rashin hikima ne. Ya yarda ya fara ganin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne ba'a, gama ita ce take kora samari zuwa rance. Mu tuna annabi Elisha mai sanƙo ne, yara suka yi masa ba'a a hanyar Betel, duk da haka Allah ya yi manyan ayyuka ta hannunsa. Absalom kuwa, wanda ake auna nauyin sumarsa kowace shekara, ya tayar wa mahaifinsa, ƙarshensa bai yi kyau ba.

Ku iyaye, ku hana wannan wasa a gida. Ku 'yan mata, ku dubi halin saurayi da aikin hannunsa da tsoron Allah da yake da shi. Ku samari, ku yi haƙuri har sanƙon ya nuna iyakarsa. Ni da nawa na yi aure, uwargida kuwa ba ta taɓa kai ƙarata wurin fasto a kansa ba. Ubangiji ya ba mu hikima.