Ranar da na ɗauke wa Inna maganinta

Ni na hana mahaifiyata shan maganinta. Da hannuna na ɗauke kwalin na jefa a aljihu, kuma a lokacin gani nake taimakonta na yi.

Ciwon a kuncinta na dama yake, daga gefen hanci zuwa haɓa. Ba ya wuce 'yan daƙiƙu, amma in ya zo sai ta ƙame, hawaye na zuba, ko uffan ba ta iya cewa. Takan ce kamar an jona mata wayar lantarki. Abin da ke tayar da shi kuwa bai taka kara ya karya ba: asuwaki, tauna, ruwan alwala mai sanyi, iskar hunturu in ta buɗe ƙofa da asuba. Mun ɗauka haƙori ne, har aka cire mata lafiyayyun haƙora, ciwon bai san an yi ba.

Likitan ƙwaƙwalwa ne ya gano cewa matsalar a jijiya ta biyar take, cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ita ke kawo ji a fuska, rassanta uku: na goshi da ido, na kunci, na muƙamuƙi. Galibi wata jijiyar jini ce ke danne ta a tushe har rigarta ta zaizaye, sai ɗan shafa ya zama azaba. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50, kuma farasitamol ba ya taɓa shi. Likitan ya rubuta mata kabamazafin, wanda 'yan kemis suka fi sani da Tegretol. Tun 1962 ake amfani da shi a kan wannan ciwo, ana kuma ba masu farfaɗiya.

Maganin ya yi aiki, Inna ta koma cin tuwo. Sai jiri ya biyo baya, ga barci ba dare ba rana, wani lokaci tana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Wata magariba na ga ta sunkuya ruku'u ta tafi luu, sai da ta dafa bango. Dangi kuma suka sa ni gaba, wai an ɗora tsohuwa a kan maganin farfaɗiya zai taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ban koma wurin likita ba, ita ma ban tambaye ta ba. Na tsayar da shi rana ɗaya, na kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, muka shiga shafa man habbatussauda.

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ta daina tauna, sai kunu take zubawa ta gefen hagu na baki da ƙaramin cokali. Ta daina hira da jikokinta, domin motsa leɓe kansa tsokana ne. Ta rame ina kallo.

Da muka koma, likitan ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya ce ka tsayar?" Ya bayyana mini cewa jiri da barci sun saba zuwa a farkon shan maganin, kuma sau da yawa suna lafawa in an rage adadin aka riƙa ƙarawa a hankali. Ba a yanke shi kwatsam sai da umarnin likita. Ana gwada jini a kai a kai, domin yana iya rage gishirin jiki da ƙwayoyin jini, yana iya taɓa hanta. Abin da ba a kwana da shi a gida shi ne ƙuraje a fata, ko gyambo a baki, ko zazzaɓi. Wannan a garzaya asibiti a ranar. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ma ta sani yana rage wa ƙwayar ƙarfi.

Ashe kuma akwai hanyoyin da na tsallake na tafi ƙaho. Akwai ɗan'uwan kabamazafin, wato oskabazafin, akwai gabafentin da baklofen. In magani ya gaza, ana ɗaukar hoton MRI, sannan a yi zancen tiyatar da likitan Amurka Peter Jannetta ya shahara da ita: a buɗe bayan kunne, a sa ɗan matashi tsakanin jijiyar jini da ta fuska. Ita ta fi daɗewa tana ba da sauƙi, amma tana iya taɓa jin kunne. Akwai kuma allurar da ake bi ta kunci a dakushe jijiyar, sai dai takan bar fuska a dindiris. Kowace hanya da nata kuɗin fansa, kuma mai ciwon ne ya san wanda zai iya biya.

Wannan shi ne ainihin laifina. A hanyar gida Inna ta ce da ni, "Ɗan nan, ai da ka tambaye ni. Jirin nan ina iyawa da shi, wancan ne ba na iyawa." Ni da ke tsaye a gefe jirin kawai nake gani, shi na auna, na yanke hukunci a kan fuskar da ba tawa ba.

An mayar da ita kan maganin da ƙaramin adadi, jirin ya ragu sosai, ana duba jininta. Kai mai jinyar uwa ko uba, in ka ga magani na wahalar da su, rubuta abin da ka gani da lokacin da ya faru, ka tambaye su yadda suke ji, sannan ka kai wa likitan da ya rubuta shi kafin ka taɓa kwalin.