Tankin Tsohuwar Motarmu

Mahaifina yana da wata tsohuwar lori, Bedford, ƙirar Ingila. Da ita ake ci da gidanmu, da ita kuma ake biyan kuɗin karatuna. Da hutun bara tankinta ya soma yoyon fetur, don tsatsa ta cinye gindinsa. Direba yakan liƙe hujin da sabulu, amma kafin a yi mil 10 ya sake ɗiga.

Wani ya ce a kai wa mai walda. Makaniki ya ce, "Alhaji, kada ka yarda. Ko an tsiyaye mai sarai, tururinsa na ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa tankin." Sai muka sayo wani.

Na taya shi aikin. Ya fara cire wayar batir, muka juye man a garwa, muka kwance bututu da ɗamarun ƙarfe, muka sauke tsohon. Da muka kifa shi, sai ga jan ruwa ya zubo. Ya ce raɓa ce ke taruwa in tanki ya kwana rabi, ta kwanta ƙasa don ruwa ya fi fetur nauyi. Tun ran nan Baba ba ya barin motar ta kwana sai an cika tanki.