Sifirin Da Na Ba Ɗan Masunci

Wata rana da hunturu ina koya wa 'yan ajina labarin tsuntsaye masu ƙaura, sai na ɗaga hoton wata agwagwar daji mai launin tsatsa, na ce kowa ya rubuta sunanta. A cikinsu akwai wani yaro ɗan masunci, daga fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. Shi kuwa sai ya rubuta "Farin Ido", yadda a ke ce mata a gidansu. Na ja masa jan layi, na ba shi sifiri, har na karanta amsarsa gaban jama'a don a yi dariya. Aka kuwa yi. Ni abin da na ke nema shi ne sunan da ke cikin littafinmu, ferruginous duck, watau agwagwa mai launin tsatsa.

Da dare ya yi ina duba wani littafin tsuntsaye, sai ga tsuntsuwar nan, ga kuma wani sunanta na Ingilishi, white-eyed pochard, ma'anarsa mai farin ido, gama idon namijin fari ne fat. Ashe abin da yaron ya gani shi Turawa suka gani. Daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Ita wannan tsuntsuwa tana cikin agwagin da ke nutso. Ƙafafunsu can baya su ke, kusa da wutsiya, don haka a tudu tafiyarsu abin tausayi ce, amma a ƙarƙashin ruwa sai ka ce kifi. Yawancin danginta a ƙasashen arewa masu tsananin sanyi su ke ƙyanƙyasa, ita kuwa tana cikin 'yan kaɗan da ke ƙetare Hamada su zo mana da hunturu.

Da na bi labarin sauran, sai na tarar sunayensu sun fi su yawa. Akwai wadda littafi ke kira mai idon zinariya, maharban Amurka kuwa mai fito su ke ce mata, saboda ƙarar fukafukanta in tana tashi. Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce mai dogon wutsiya, wadda ke yin sheƙa a arewacin Kanada da Rasha, in sanyi ya tsananta ta koma teku. An ce ta kan nutse har mita 60, ku ƙiyasta rijiya gaba talatin! Ga ta da surutu ba dare ba rana, kowace al'umma kuwa da abin da kunnenta ya jiye mata. Mutanen tsibiran Orkney da Shetland suka ce calloo ta ke cewa. Wasu masuntan Sikotilan suka ji kamar tana kiran kwal da hasken kyandir, suka sa mata haka. A gaɓar tekun Amurka kuwa suka ce kudu ta ke ambata. Masana, bisa tsarin suna biyu na Latin da Linnaeus ya yi wa dabbobi a 1758, suna kiranta Clangula hyemalis, watau mai ƙara ta lokacin sanyi. Ko wannan ma, in ka duba, daga kunne ya fito.

Ba na ce kowane suna na kirki ba ne. A Amurka an daɗe ana kiranta oldsquaw, tsohuwa mai surutu, da kalmar da 'yan asalin ƙasar ke jin raini ce ga matansu. A shekarar 2000 ƙungiyar masana tsuntsaye ta can ta bar sunan, ta koma ga mai dogon wutsiya, yadda a ke ce mata a Ingila. Kuma sunan Latin, ya ku 'yan makaranta, wajibi ne ku koye shi, domin da shi ne mutumin Nguru da mutumin Rasha za su tabbata tsuntsu ɗaya su ke nufi.

Da gari ya waye na kira yaron gaban aji, na soke sifirin, na karanta musu abin da na gani. Sa'an nan na ce ya faɗa mana abin da ya sani. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ba ta iya tashi tsaye kamar sauran, sai ta yi gudu bisa ruwa tukuna." Na duba littafi, haka ya ke. Duk da haka sai da aka yi mako uku kafin ya sake ɗaga hannu a ajina.